Abin da muka tsinta kan ƙarfin hali

A tattaunawarmu kan tsoro, shawarar da ta fi yawa ita ce addu'a. An kawo Ayyukan Manzanni 4 daga Littafi Mai Tsarki: da majalisar shugabannin Yahudawa ta ja wa manzanni Bitrus da Yohanna kunne su daina wa'azi da sunan Yesu, 'yan'uwa ba su roƙi a kawar da barazanar ba, ƙarfin halin faɗar Maganar Allah suka roƙa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Wata 'yar'uwa ta ce a fara da ƙaramin abu: ka ƙi sa hannu a takardar ƙarya a wurin aiki, ko da muryarka na rawa. Wani ya tunatar da mu cewa ƙarfin hali ba tsiwa ba ne, domin 1 Bitrus 3 ya ce a amsa cikin tawali'u da ladabi.