Jan suwich ko ruwan ƙasa? Aiki da rana, gem da dare

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa sa hannu a kibod na makanika, wato wanda kowane maɓalli ke da nasa suwich a ƙarƙashinsa, ba waɗanda suka gani a bidiyo ba. Sana'ata buga wa ɗalibai furojet, wata rana shafi talatin, wata rana arba'in. Da daddare kuma nakan ɗan taɓa wasan harbe-harbe na Counter-Strike 2 na awa ɗaya ko biyu. Kwamfutar tana ɗakin da muke kwana, ga jaririya 'yar wata huɗu, shi ya sa shuɗin suwich mai ƙas-ƙas ɗin nan na cire shi a lissafi tun farko. Tsakanin ja da ruwan ƙasa nake. Dubu 45 gare ni, ko sisi ba ƙari. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Shuɗi kawai, Malam. Idan kana bugawa har maƙwabta sai sun san ana aiki.

Baban Ilham:
Ɗan'uwa, na ce akwai jaririya.

Ɗan Fagge:
Af, ban kai wajen ba. Allah Ya raya. To amma dai shuɗin ya fi.

Injiniya Kaduna:
Bari in ware maka su. A ma'aunin Cherry MX, wato na kamfanin Jamus da kowa ke kwaikwayo, ja sulɓi ne da shi daga sama har ƙasa, nauyin dannawa kamar giram 45. Harafi yana shiga a milimita 2, ƙasan kuma yana milimita 4. Ruwan ƙasa tafiyarsu ɗaya, sai dai akwai ɗan tudu a hanya da yatsa zai ji, wajen giram 55. Shuɗi tudu ne haɗe da ƙara, ya kai 60. Akwai baƙi, shi ma sulɓi ne amma mai nauyi, giram 60. Tun da haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, Gateron da Kailh da Outemu suka cika kasuwa da irin launukan nan. A kuɗinka ba Cherry za ka samu ba, Outemu ne ko ɗan'uwansa, kuma jan wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da jan wancan ba.

Ni ja nake amfani da shi shekara biyu. Makon farko na sha kuskure, don ko yatsa ka ajiye da ɗan nauyi sai harafi ya fito. Daga baya hannu ya saba.

Malam Tafireta:
Ku yaran yanzu kuna ba ni mamaki. Giram 45 har nauyi ne? Mu da muka koyi aiki a kan tafireta, sai ka ɗaga yatsa ka sauke shi da niyya. Baban Ilham, ɗana, mai buga shafi arba'in a rana yana buƙatar abin da zai gaya wa yatsarsa cewa harafi ya shiga. In ba haka ba zai yi ta dukan maɓalli har ƙasa, da la'asar wuyan hannu ya ɗau zafi. Ruwan ƙasa. Wasan harbe-harben nan kuma ban san shi ba, ba zan ce komai ba.

Na-Malam:
Ku bar maganar launi tukuna, ku ji abin da ya same ni, don kada wani ya faɗa.

Bara na ga wani yana tallar kibod a shafinsa, hoto ga fitilu kala-kala, a kwali an rubuta na makanika ne. Na tura dubu 32, ya sako min a mota daga Legas, na biya kuɗin mota dabam. Da na buɗe na ji dannawar wani iri, kamar kana taka katifa. Na zare hular maɓalli ɗaya, me zan gani? Roba ce a ƙasa, irin ta kibod ɗin dubu huɗu, an dai ɗaga maɓallan sama an sa musu fitila. Na kira shi, ya ce ai kwalin cewa ya yi "yana kama da" na makanika. Kira na uku ya toshe ni.

Ban daddara ba. Na sake tara kuɗi na sayi na gaske, mai jan suwich. Wata uku lafiya lau. Hunturu na shigowa ƙura ta yi aikinta, harafin a ya fara fitowa biyu a dannawa ɗaya. Ku duba fa, a! A Hausa wace kalma ce babu shi? Kano ta koma Kaano, malam ya koma maalam. Na buga wa wata ɗaliba babi guda ban lura ba, malaminta ya dawo da shi da jan biro yana tambaya tun yaushe aka koma rubuta dogon wasali. Yarinyar nan har shago ta zo tana kuka, na mayar mata da kuɗinta.

Na kai wa mai gyara, ya ce suwich ɗin liƙe yake da dalma, sai an kwance kibod ɗin gaba ɗaya. Ya karɓi dubu biyar, ya canza a, bayan sati biyu n ya kama. Yanzu haka yana saman kwaba, na koma na roba.

Ɗan Fagge:
Maalam Naa-Maalam, Allah Ya mayar da alheri.

Maman Tagwaye:
Ɗan Fagge ka ji tsoron Allah, mutum yana ba da labarin asara. Amma wallahi na yi dariya. Na-Malam, da ka sa masa ɗigon sifirit mai ƙarfi, irin na masu gyaran waya, ka yi ta dannawa bayan ka zare shi daga kwamfuta, sau da yawa yana saki. Nawa ya yi haka a harafin k. Kuma ni kullum in na tashi sai na rufe shi da ɗankwali.

Injiniya Kaduna:
Shi ya sa nake cewa a ƙasar nan abin dubawa na farko shi ne ko ana zare suwich da ɗan ƙarfe a sa wani ba tare da dalma ba. In kibod ɗinka irin wannan ne, a ya lalace ka ciro na wani maɓallin da ba ka taɓawa ka sa, minti ɗaya. Sai dai a kula, wasu masu arahar raminsu suwich ɗin Outemu kawai yake karɓa, don ƙafarsa ta fi siriri. Akwai kuma Kailh Box, an kewaye kansa da ɗan akwati saboda ƙura da ruwa.

Sarkin Gem:
Duk wannan tsohon yayi ne. Masu gasa yanzu na maganaɗisu suke amfani da shi, irin Wooting, kai ne za ka saita inda harafi zai shiga. Har sai da Valve, kamfanin da ya yi wasan, ta hana wani salon dannawa na irin waɗannan kibod ɗin a Counter-Strike 2 a watan Agustan 2024. Ka ƙara kuɗi ka huta.

Maman Tagwaye:
Ya ce dubu 45. Kuɗin naka zai ba shi?

Na-Malam:
Sarkin Gem, kai da na sani FIFA kake bugawa da hannun PlayStation, yaushe ka zama malamin kibod?

Sarkin Gem:
Ni dai ban taɓa sayen roba dubu 32 ba.

Ɗan Fagge:
An zo wajen.

Abu Sadik:
Maganar kuɗi, na ga kibod ɗin Redragon K552 a Beirut Road nan Kano dubu 38.

Injiniya Kaduna:
Yaushe? Ni abin da aka ce min a kasuwar Banex ta Abuja ya haura 55.

Abu Sadik:
To, an ɗan jima. Kafin azumi ne ina ji. Kuma kamar na hannu ne.

Maman Tagwaye:
Haba Abu Sadik, ai sai ka faɗa tun farko. Kuma yawancin K552 da na gani shuɗi ne a ciki, ya tambaya da kyau. Baban Ilham, ni uwa ce, bari in gaya maka abin da injiniyoyi ba su faɗa ba: ja ma ba shiru yake ba. Ƙarar da ke tada yaro ta dukan maɓalli a ƙasa ce, musamman dogon na tazara, tak tak. Ko ka nemi ja mai shiru, wanda aka sa wa roba a ciki, ko ka sayi 'yan zobban roba ka sa a ƙarƙashin huluna, ka shimfiɗa tawul a tebur. Ruwan ƙasa nake da shi, kuma maigida ne ya fara ƙorafi kafin yaran.

Badamagare:
Sannunku. Ni nan Damagaram jika ashirin da biyar na saye nawa, ruwan ƙasa. Amma matsalarmu dabam ce, namu jerin Faransa ne, AZERTY. Inda kuke tafiya a cikin gem da maɓallan WASD mu ZQSD ne. Na aiko aka sayo min ɗaya daga Kano, hannuna ya yi wata guda yana neman A a inda Q take.

Abu Sadik:
Jika ashirin da biyar nawa ke nan a naira yau?

Badamagare:
Kada ka tada wannan magana, Alhaji, za mu kwana.

Malam Tafireta:
Tun da an zo kan jerin haruffa, ni ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kibod mai fitila kala bakwai, mai sulɓi, mai tudu, duk an yi. Ina wanda aka buga wa ƙ da ɗ da ɓ a jiki? Miliyoyin mutane na rubutu da harshen nan, amma sai ka ga takardar gayyata an rubuta baki alhali baƙi ake nufi.

Injiniya Kaduna:
Baba, Windows tana da tsarin Hausa a ciki, kunnawa kawai za ka yi. Akwai manhajar Keyman ma.

Malam Tafireta:
Na san da shi tun kana makaranta. A jikin maɓalli nake nufi, inda yaron da nake koya wa aiki zai gani da idonsa. Yanzu sai dai in yanka takarda in manna da salatif, kwana uku ta ɓare.

Badamagare:
Mu kuma ga ƴ, wadda ku kuke rubutawa 'y. Ko an buga kibod ɗin, sai an yi rigima a kan wannan.

Na-Malam:
A buga ɗin ma wani zai kawo na roba ya ce yana kama da na Hausa.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka. Na fahimci in nemi wanda ake zare wa suwich, kuma in cire hula in duba kafin in biya. Amma har yanzu fa, ja ko ruwan ƙasa? Akwai wanda ke cikin Kano da zai bari in zo in danna nasa ko na minti biyar ne?

Ɗan Fagge:
Zo ka danna nawa. Shuɗi ne.

Malam Tafireta:
Badamagare, a littattafan firamarenku da wacce ake koya wa yara, ƴ ɗin ko 'y?