Maganin ƙarin jini da sukarin masu ciki: abin da aka faɗa a tattaunawa

1. Kusan kowa ya yarda kada mai ciki ta ajiye ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa wajen awo. Nan Garwa ƙarancin jini ya yi yawa, ga zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar kullum.

2. Inda aka rabu: wasu sun ce masu sinadarin ƙarfe da yawa a jiki sun fi kamuwa da sukarin ciki. Wasu suka ce alaƙa ce kawai, ba a tabbatar ƙwayar ce sanadi ba. Ni dai nan na fi karkata.

3. Masu sayo ƙari a farmasi su ɗora kan na asibiti, an ce su bari sai an auna jini.

4. Gwajin sukari: mako na 24 zuwa 28 na ciki.

5. Kada a kora ƙwayar ƙarin jinin da shayi. Baƙin bayan gida da take sawa kuwa ba komai.