Tsohon Peugeot na kawu: ina son in mai da shi mai giya ɗaya

Mushen Karkada ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙarfe. Kawuna ya bar mini keken tsere, Peugeot, irin mai lanƙwasasshen kai ɗin nan. Tun ina yaro yake rataye a zaurensa a unguwar Birni, nan Damagaram. Jikinsa garau, ba tsaga ba lanƙwasa, har zakin da ke goshinsa yana nan. Giyar ce ta mutu. Abin canza giya na baya, Simplex aka rubuta a kansa, rabinsa roba ne kuma ya tsage, wayoyin duk sun ci tsatsa.

A gaba faranti biyu ne, na ƙirga haƙora 52 da 42. A baya biyar: 14, 16, 18, 21, 24. Ni lakwal da nake koyarwa kawai zai riƙa kai ni, don kuɗin kabu-kabu ya ishe ni, sai jefi-jefi in leƙa 'yan'uwa a Mirya. Hanyata rabi kwalta ce, rabi rairayi. So nake in cire tarkacen nan duka ya koma giya ɗaya kamar keken kowa. Wani mai faci ya ce a fasa na bayan da guduma a ɗaura firiwil (haƙoran ƙafar baya da sarƙa ke ja) na keken Phoenix, shi ke nan. Haka abin yake? Kuma haƙora nawa ya kamata in zaɓa?

Ɗan Zango ya rubuta:

Mushe ai wannan ba abin dogon tunani ba ne. Ka bar babban faranti 52, ka ɗora sarƙa a kan 16, a rage tsawonta. Wallahi ko mai babur sai ya waiwaye ka a hanyar Mirya. Birkin baya ma cire shi, nauyi ne kawai, haka ake yayi a Turai.

Baba Mai Keke, Sabon Gari, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Mushe, kafin komai ka hana mai facin nan taɓa guduma. Zan dawo kan dalili.

Fara juya keken ka dubi inda sandar ƙafar baya take shiga jiki. In ramin dogo ne a kwance, wanda ƙafar za ta iya matsawa gaba ko baya kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi, to ka yi sa'a, da wannan za ka ja sarƙa ta yi daidai. Peugeot na zamanin giya biyar kusan duk haka suke. In ramin gajere ne yana kallon ƙasa, irin na kekunan yanzu, dole sai an bar wani abu yana jan sarƙar, amma ba na jin naka haka yake.

To batun guduma. Faransawa a da nasu awon daban ne da na Ingila. Zaren murɗin da ake ɗaura firiwil a kan cibiyar ƙafa, na Faransa kaurinsa milimita 34.7 ne, tsakanin zare da zare milimita 1 cif. Na Ingila, wanda Raleigh da Phoenix da Hero suke bi, milimita 34.8 ne, zare 24 a inci ɗaya. Ido ba ya ganin bambancin, shi ne mugun abin. Firiwil ɗin Phoenix zai hau, ya yi zagaye biyu ko uku lafiya, sai ya cije. Yaro mai ƙarfi ya sa ƙarfe ya murɗa, ya ce ya zauna. Cibiyar kuwa alminiyom ce, mai laushi. Ranar da ka miƙe tsaye a kan feda a wata 'yar hawa, sai ka ji ƙafarka ta tafi fayau, zaren ya cinye. Na sha kwance irin wannan, ka juya firiwil ɗin garin alminiyom yana zubo maka a tafin hannu. Daga nan sai neman wata cibiya da saƙa ƙafa tun daga farko.

Shi kuma fasawar da ya ce, na san yadda ake yi, mu ma muna yi in abu ya riga ya mutu: a kafa ƙusa a murfin gaba a buga, ya kwance, ƙananan boris su watse cikin rairayi, a danne abin da ya rage a mamatsi a juya ƙafar. Tsohon ba ya dawowa. In sabon ya ƙi hawa fa? Ka rasa biyu ke nan. Ka wanke fuskar firiwil ɗin da kananzir ka duba, wasu kan zo da awonsu a rubuce. In ka ga 1.370 x 24, na Ingila ne, sai a nemi makullin da ake kwance shi da shi, mai haƙora da ke shiga tsakiya. In kuwa ka ga an rubuta Helicomatic a cibiyar, wanda kamfanin Maillard ya ƙera, Peugeot ta yi amfani da shi a shekarun 1980, to kada ma ka fara, babu firiwil ɗin kasuwa da ke hawansa.

Da nawa ne, na bar biyar ɗin nan a wurinsu. Na cire Simplex da wayoyi da 'yan sandunan canji, na ɗora sarƙa a kan 42 da 18. 18 ɗinka shi ne na tsakiya, kusan a saitin farantin yake, kuma haƙoran da na dā dogaye ne miƙaƙƙu, suna riƙe sarƙa. Sharaɗi biyu ne. Sarƙar ta zama siririya, ta masu giya, don mai kaurin nan ta Phoenix za ta riƙa gugar na kusa da ita. Sannan ta tafi a miƙe. Ka tsuguna a bayan keken ka rufe ido ɗaya ka bi ta da kallo. In ta karkata wajen 21, wata rana za ta hau shi, ga ta gajera, sai ta ƙulle ƙafar ko ta lanƙwasa sandar. In ka ja ƙafar baya ka ɗaure, danna sarƙar a tsakiya, ta yi wasa kamar santimita ɗaya. Juya feda ka gwada a wurare da yawa, faranti ba ya zama kewayayye sak, akwai inda ya fi ja.

Ɗana na Zango, 52 da 16 ɗinka, kowane zagayen feda ƙafa na juyawa sau uku da kwata, kusan mita 7 ke nan. Je ka tashi da shi daga tsaye a cikin rairayin unguwa ka ba mu labari. Mirya kuma gabas take, kilomita 18, da hunturu iska a fuska za ka sha ta da safe. 42 da 18 mita 5 ne ko ƙasa kaɗan, gwiwar mai zuwa aiki kullum ta fi son haka. Birki kuwa, na Turan da ka gani a waya giyarsu a kafe take, in ƙafa ta tsaya taya ta tsaya. Na Mushe firiwil ne. In wayar gaba ta tsinke a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis, tsakanin amalanke da babura, da me zai tsaya?

Na Garin Malam ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai da za a bi tawa, da an sayi abin canza giya na Sin an ɗaura, ba tsada ne da shi ba, giya biyar ai ni'ima ce ga mai zuwa Mirya. Amma na yarda rairayin garin nan ba ya barinsa ya daɗe, ƙananan ƙafafunsa a kusa da ƙasa suke, su ke fara cinyewa.

Abin da ba a taɓo ba shi ne taya, kuma shi zai fi ba ka wahala, yayana. Karanta lambar da ke gefen tsohuwar. In ka ga 622, ita ce 700C. In 630 ce, inci 27 ke nan. Ta Phoenix da ta cika kasuwa 635 ce, ba ta zama a kan ko ɗaya daga cikinsu, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne don ya ga an rubuta 28. Ka nemi mafi faɗin da jikin zai ɗauka, milimita 32 in ta shiga ƙarƙashin birki. Siririya nutsewa take a rairayi, ga tsidau da ƙayar aduwa.

Mushen Karkada ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Baba, na duba kamar yadda ka ce. Ramin dogo ne a kwance. Na wanke firiwil, sunan Atom kawai na gani, babu awo, don haka na bar shi a wurinsa. Taya 25-622 ce. Saura faranti 52: in na cire shi, kusoshin da suka haɗa su biyu za su yi tsawo, ba za su kama 42 shi kaɗai ba. Ko in bar shi?

Baba Mai Keke, Sabon Gari, ya rubuta:

Kana iya barinsa, ba abin da zai hana, sai dai zai riƙa cin bakin wandonka, kai kuwa gaban yara za ka tsaya. Cire shi ka sa washa a madadin kaurinsa, ko a rage tsawon notocin da magagari. In ka kwance, gwada 42 a ciki da waje, ka bar shi a gefen da ya fi saiti da 18. Kafin ka hau, kwantar da keken ka ɗiga mai ta tsagar firiwil kana juyawa har ƙararsa ta fito ƙas-ƙas-ƙas, don haƙoran ciki sun daɗe a daskare. Sarƙa kuma kada ka shafa mata bakin mai na inji, ƙura yake kira. Mai siriri kaɗan, ka goge bayanta da tsumma.