Fradi ta 'yan unguwa ce ko ta 'yan siyasa?

Nura: Jama'a ni fa raina a ɓace yake wallahi. Shekara biyu kenan ina karatu a Budapest babban birnin Hungary kuma a Ferencváros nake zaune, wato gunduma ta 9, jiya muka yi musu da wani ɗan ajinmu har yau ko gaisuwa babu. Ce masa kawai na yi Fradi, wato kulob ɗin ƙwallon Ferencváros, ta daina zama ta 'yan unguwa, tun 2011 Gábor Kubatov ya karɓi shugabancinta kuma kowa ya san jigo ne a Fidesz jam'iyyar Orbán firaministan ƙasar a lokacin, amma da aka zo zaɓen 2019 mutanen unguwar Krisztina Baranyi suka ba kujerar gunduma, wadda 'yan adawa suka mara wa baya. To ina haɗinsu? ƙaramin kulob ne siyasa ta hura shi

Sagir: Ƙaramin me? Nura ka wanke bakinka. Kulob ɗin da aka kafa tun 1899, a 1965 suka bi Juventus har gida Turin suka ɗura mata 1-0 suka ɗauke Fairs Cup, shi ne ƙarami?

Bello Juve: wane kofi kuma, abin da ita kanta UEFA ba ta sa shi a lissafinta. A 2020 mun je Budapest mun ba su 4-1, wannan kowa ya kalla da idonsa ba labarin kakanni ba

Sagir: To Ballon d'Or ɗin ɗan wasansu Flórián Albert na 1967 fa, shi ma ba ya lissafi?

Kawu Ɗanjuma: Ai kulob ɗin Puskas ba a ce masa ƙarami, yaran nan ku dinga tambaya.

Nura: Kawu da girmanka amma Puskas ba Fradi ya buga ba, ɗan Kispest ne, kulob ɗin Honvéd, can gunduma ta 19

Kawu Ɗanjuma: Ina jin labarin ƙwallo a rediyo tun uwarka tana 'yar talla. Don ka hau jirgi sai ka koya min?

Nura: Allah ya ba ka haƙuri Kawu, ni dai ban ambaci uwar kowa ba

Ummi: Ku tsaya mana, maganar Yaya Nura fa ta siyasa ce. Ba a gundumar nan ba ne gwamnati ta so gina reshen jami'ar Fudan ta Sin, a 2021 Baranyi da magajin garin Budapest suka sauya wa titunan wajen suna, ɗaya Dalai Lama ɗaya shahidan Uyghur?

Nura: Yawwa ƙanwata, ke kaɗai kika karanta abin da na rubuta

Bello Juve: a bar maganar titi. Babban kulob ne ake kora rukuni na biyu a 2006 saboda aljihu ya bushe, sai 2009 suka dawo?

Sagir: Hhhhh Bello kai ne da bakin ambaton 2006? A shekarar aka cilla Juventus Serie B, su Fradi talauci ne ya kai su, ku kuwa maguɗin alƙalan wasa, wanne ya fi kunya

Bello Juve: sharri ne aka ƙulla mana kowa ya sani, kai da ko garinku ba ka taɓa bari ba kake kare kulob ɗin Hungary, ko sunan ba ka iya faɗa

Sagir: Kai kuma a Turin aka yanke maka cibi ko

Kawu Ɗanjuma: Har yanzu yaron can bai janye maganarsa ba.

Nura: wace magana kuma Kawu

Auwal Admin: To ya isa haka. Abin da aka tsayar shi ne Fradi babban kulob ne, Juventus ta sha 1-0 a gabanta a gida kuma ta taɓa zuwa Serie B, Bello bai kawo hujja ko ɗaya ba. Nura ka kira Kawu ka ba shi haƙuri. Maganar zaɓe da titi a kai wani zauren, nan ba majalisa ba ce.

Bello Juve: 4-1 ɗin fa, ba hujja ba ce? admin ɗan Inter ne ai shi ya sa