Shin rayuwar da ce ta fi ta yanzu daɗi, ko ƙuruciyarmu muke kewa?

Na-Tsakiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shekarata 44, kuma na tsinci kaina tsakanin mutum biyu da nake ƙauna waɗanda ba sa fahimtar juna, wato mahaifina da ya haura shekara 75 da babban ɗana mai shekara 16. A makon jiya muna gyara ɗakin mahaifin nawa sai muka ci karo da wani tsohon akwatin ƙarfe cike da wasiƙu da kaset-kaset da hotuna marasa launi. Yaron ya ɗauki kaset ɗaya yana jujjuyawa, ya tambayi kakansa ta ina ake kunna shi. Na ɗauko biro na zura a ramin kaset ɗin, na nuna masa yadda muke mayar da zaren ciki idan rikoda ta tauna shi, ya tsaya yana kallona kamar mai yi masa siddabaru. Mahaifina ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce shi tausayin yaran yanzu yake ji, domin sun sami komai amma ba su san daɗin komai ba. Yaron bai tanka ba saboda ladabi, sai da muka fito ya ce mini bai ga abin kewa a zamanin da mutum zai jira mako uku kafin ya ji lafiyar ɗan'uwansa ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na kasa tsayawa a bayan ɗayansu, domin ni ma na rubuta wasiƙa da hannuna ina yaro, kuma yau ba na iya yin awa guda ban duba wayata ba. Tambayata ga manya da sa'o'ina da ƙannena ita ce: shin akwai wani abu na gaske da muka rasa a cikin waɗannan shekaru, ko kuwa kowane mai shekaru haka yake ganin zamaninsa ya fi, kamar yadda ake cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba?

Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ni sa'an mahaifinka ne, kuma na shafe kusan shekara talatin ina tantance wasiƙu, saboda haka zan gaya maka abin da nake ganin yake nufi, ko da bai faɗe shi da waɗannan kalmomi ba. Ba takarda da kan sarki yake kewa ba. Abin da ya tafi shi ne jira, da kuma darajar da jira yake ba abu.

Mutumin da zai rubuta wasiƙa sai ya nemi wuri ya zauna, ya yi tunanin abin da zai faɗa, sau da yawa ma ya yage ta farko ya sake wata, domin ya san maganar da ya sa a ambulan ba ta da gyara idan ta faɗa akwati. Wanda ya karɓa kuma ba ya karanta ta a tsaye. Na sha ganin mutum ya buɗe akwatinsa ya ga rubutun da ya gane, ya sa wasiƙar a aljihun gaba ya dafe ta da hannu, bai buɗe ba sai ya isa gida. Idan maganar gaggawa ce sai a buga talgiram, inda ake biyan kuɗi a kan kowace kalma, shi ya sa mutane suka koyi faɗin magana mai nauyi da kalma biyar ko shida. Wannan sana'a ta mutu a kan idonmu: kamfanin Western Union na Amurka ya aika talgiram ɗinsa na ƙarshe a 2006, Indiya kuma, wadda ta daɗe tana riƙe da shi, ta rufe nata a 2013.

Haka hoto yake. Fim ɗin kyamara hoto 24 ko 36 yake ɗauka, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, kuma wani lokaci rabinsu a lalace suke fitowa. Amma wanda ya fito da kyau ana sa shi a firam ya shekara arba'in a bango. Jikokina suna da dubban hotuna a waya, kuma na lura ba sa komawa su kalli ko ɗaya. Sannan akwai zama tare. A lokacin da gida ɗaya ne yake da talabijin a layi, tasha kuma ɗaya ko biyu, maƙwabta sukan taru su kalli abu ɗaya, washegari kowa yana da abin da zai tattauna da kowa. Yanzu nakan zauna da iyalina mu bakwai a falo ɗaya, kowa ya sunkuya a kan nasa allon, har in rasa wanda zan yi wa magana ba tare da na katse shi ba. Ban ce yaran miyagu ba ne. Na ce dai akwai abin da aka ɗauke daga cikin gida, kuma ba a mayar da madadinsa ba.

Nas Mai Ritaya ta rubuta:

Yaya, na karanta bayaninka har sai da na yi murmushi, domin ni ma ina da irin wannan akwati. Amma ka yi mini haƙuri, ba zan iya yin shiru ba idan aka ce da can ta fi, saboda aikin da na yi ya nuna mini ɗaya fuskar.

Duk wanda ya kai shekarunmu ya ɗaga hannun rigarsa zai ga tabon lamba a dantsensa. Yaran yanzu ba su da shi, kuma yawancinsu ba su san sunan cutar da aka yi mana shi dominta ba. Agana ce, wadda take kashe kusan mutum uku a cikin goma na waɗanda ta kama, ta bar wasu da makanta ko fuska duk zanzana. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a an same shi ne a Somaliya a 1977, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita a 1980. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka mutu kafin su cika shekara biyar, a 2022 kuwa adadin bai kai miliyan 5 ba, duk da cewa jama'ar duniya sun ƙaru sosai a tsakanin.

Waɗannan ba lambobi ba ne kawai a wurina. Na riƙe hannun uwar da ta kawo ɗanta ya riga ya galabaita, ba don sakaci ba, sai don babu hanyar da za ta sanar da kowa cikin dare, babu kuma abin hawa sai gari ya waye. Jiran da kake yabo, Yaya, shi ne jiran da ya cinye wannan yaro. Kuma ina roƙon maza masu kewar zamanin da su tambayi matansu da iyayensu mata awa nawa suke kashewa a wanki da hannu da neman ruwa da hura wuta kafin su yanke hukunci. Mu da muke zaune muna tuna baya mu ne waɗanda suka tsira; waɗanda ba su kai labari ba ba sa nan balle su faɗi nasu ra'ayin.

Duk da haka na yarda da kai a abu ɗaya. Tsofaffin da na kula da su a shekaruna na ƙarshe a aiki sun fi na farko kaɗaici, ko da yake kowannensu yana da waya a gefen gadonsa.

Mai Karance-Karance ya rubuta:

Ina ganin Baba da Mama duk sun faɗi gaskiya, sai dai tambayar tana da rassa biyu, kuma reshe na biyu ba a taɓa shi ba tukuna, wato me ya sa zuciya take ƙawata abin da ya wuce.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa idan aka ce wa dattijo ya kawo abubuwan da ya fi tunawa a rayuwarsa, mafi yawansu sukan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa, lokacin da kusan komai karo na farko ne: aikin fari, tafiyar fari, soyayyar fari. Sun kuma lura cewa ɗacin abin baƙin ciki ya fi saurin dusashewa a ƙwaƙwalwa a kan zaƙin abin farin ciki. Idan aka haɗa biyun, ba abin mamaki ba ne kowa ya ga cewa duniya ta fi kyau daidai lokacin da yake saurayi, ko da wane lokaci ne wannan. Kalmar da Turawa suke kiran wannan yanayi na kewar baya da ita, wato nostalgia, ita ma asalinta sunan cuta ce. Wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiro ta a 1688 a birnin Basel na ƙasar Switzerland, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da raɗaɗi, don ya bayyana halin da masu nisa da garinsu suke shiga. Daga baya ne ma'anar ta tashi daga kewar wuri ta koma kewar lokaci, wanda shi ba a komawa.

Kukan manya game da sabon abu kuwa tsoho ne ƙwarai. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aflatun, masanin falsafar Girka, ya rubuta, ta bakin malaminsa Sokratis, cewa rubutu zai jawo wa mutane mantuwa domin za su daina dogara da haddarsu. Wato wasiƙar da Baba yake kewa ita ma an taɓa yi wa tushenta kallon ɓarna.

Amma kada wannan ya sa a ce duk abin a zuci yake. Yawan mutanen duniya ya kai biliyan 4 a 1974, ya kai biliyan 8 a 2022, kuma tun wajen 2007 fiye da rabinsu a birane suke zaune. Mutumin da ya bar inda aka haife shi ya kama haya cikin baƙi, yana fita da sassafe ya dawo da dare, ba lalacewar tarbiyya ce ta hana shi sanin maƙwabcinsa ba. Sau da yawa abin da muke ɗora wa waya ƙaura da yanayin aiki ne suka fara shi tun kafin ta zo.

Ɗalibar Jami'a ta rubuta:

Ina gaida iyayena. An haife ni a 2003, Facebook ya fito ina shekara ɗaya, iPhone ina shekara huɗu, WhatsApp ina shekara shida, saboda haka ban san wata duniya da babu su ba, kuma ba ni na zaɓi hakan ba. Abin da yake yi mana ciwo idan aka ce mun lalace da waya shi ne, ba mu muka ƙera ta ba, ba mu muka saya wa kanmu ta farko ba, kuma sau da yawa wanda yake yi mana faɗan ya fi mu daɗewa a kanta.

Akwai kuma abin da nake ganin manya ba sa lissafawa. Ku kun yi kurakuranku na ƙuruciya an manta da su, mu kuwa abin da muka rubuta muna shekara 14 yana nan a ajiye, kowa yana iya tono shi. Ku idan kun tashi daga makaranta ko aiki kun tashi ke nan, mu kuwa saƙo yana bin mu har kan gado, wanda ya aiko kuma yana ganin alamar cewa mun karanta, don haka rashin amsa ya zama laifi. Idan akwai abin da nake yi muku hassada a kai, to ikon ɓacewa ne na 'yan awanni ba tare da kowa ya tuhume ku ba.

Abin dariyar shi ne mu ma mun fara namu. Ni da ƙawayena mukan zauna muna tuna wasan maciji na tsohuwar Nokia ta iyayenmu, muna cewa ƙannenmu da suka tashi da gajerun bidiyo ba su san komai ba. Ranar da na ji wannan magana ta fito daga bakina sai da na yi shiru, domin muryar kakata na ji sak.

Na-Tsakiya ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, musamman Mama, domin na karanta wa mahaifina jawabinki, ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna wa jikansa tabon, sannan ya ambaci sunayen ƙannensa biyu da ni kaina ban taɓa sanin an haife su ba.

Shekaranjiya na samo aron tsohuwar rikoda a wurin wani mai gyaran rediyo. Kaset na farko waƙoƙi ne da aka naɗa daga rediyo, har da muryar mai gabatarwa tana shiga a tsakiya. Na biyun kuwa muryar mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, saƙo ne da ta naɗa ta aika masa a shekarun da yake aiki nesa da gida, tana ba shi labarin cewa na fara tafiya, ana jin kukana a bayanta. Babu wanda ya yi magana a ɗakin har zaren ya ƙare. Yaron ne ya fara motsawa, ya mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa, ya kara wayarsa a bakin lasifika ya naɗi muryar gaba ɗaya, ya tura wa 'yan'uwana su huɗu da ke garuruwa daban-daban, kafin minti goma duk sun kira suna kuka. Jiya da dare mahaifina, wanda bai taɓa yarda ya riƙe irin wannan waya ba, ya aika a kira masa jikan ya nuna masa inda ake dannawa.

Saura kaset tara a akwatin, uku daga ciki zarensu ya yi fari-fari kamar ya yi fumfuna, kuma ina tsoron sa su a rikodar kada ta tsinke su. Idan akwai wanda ya san yadda ake tsabtace irin wannan zare kafin a juya shi zuwa kwamfuta, don Allah ya yi mini bayani.