Kwalekwalen kakanmu a Yawuri: ta ina zan gano shekarunsa?

Jikan Basarke:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai tsohon kwalekwalen kakanmu, Allah ya jiƙansa, yana kife a bayan gidanmu a Yawuri. Sassaƙen itace guda ne, ba haɗin katako ba, da faci biyu na kwano a gindinsa. Mahaifiyata ta ce da shi aka kwashe kayan gida lokacin da ruwan madatsar Kainji ya ci gungunmu, ke nan ya riga 1968. Baffana kuwa cewa ya yi kakan ma gadonsa ya yi. Yanzu ƙannena na so a faskara shi a yi girki, ni kuma raina bai ba ni ba. Na ji an yi wa jirgin Dufuna gwaji an gano shekarunsa. A ina ake yin irin wannan?

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ka hana su taɓa shi. Amma kada ka ɓata kuɗinka a gwajin kabon, wato gwajin kimiyya da ake gano shekarun tsohon itace da shi. Jirgin Dufuna da wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya kai wajen shekara 8,000, shi ya sa gwajin ya yi amfani. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt ne suka tono shi a 1994, tsawonsa mita 8.4. Abin da bai wuce shekara 300 ba kuwa, gwajin ba ya iya tantance shi sosai. Ko ya ba ka lissafi, na itacen ne, ba na ranar da aka sassaƙa ba.

Tarihin naka kwalekwalen yana bakin tsofaffi. Ka je wurin Sarkin Ruwa da sa'o'in kakanka, ka ɗauki muryarsu a waya. Kada ka tambaye su shekara. Ka ce: zamanin wane sarki? Kafin wace yunwa, bayan wace ambaliya? Daga baya sai ka daidaita da jerin sarakunan Yawuri.

Tsohon Masassaƙi:
Yaro, jirgin da kansa zai faɗa maka rabi. Birkice shi, ka shafa cikinsa da tafin hannu. Sawun gizago ba ya ɓuya, kuma kowane masassaƙi da irin saransa. Tsohon da ya san aikin garin, yana gani zai ce hannun gidan wane ne. Ka ɗan kankare gefe. In ja ne mai nauyi, maɗaci ne ko kawo, su ke jure ruwa har jikoki su gada. In fari ne sakwat kamar rimi, to ban yarda ya kai shekarun da baffanka ke faɗa ba. Dubi bayansa kuma, ko an yanke an kafa katakon ɗora inji. Wannan aikin baya-bayan nan ne, shi da facin kwanon.

Kuma tun yau ka ɗauke shi daga ƙasa, ka ɗora kan duwatsu a inuwa. Gara ta fi ƙannenka sauri.

Ɗan Argungu:
Ƙari kan maganar Malama: wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya yi rubutu kan Yawuri a 1930, da kan masuntan Kabi a 1942. Ka nemi takardun lardin Sakkwato a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ka kuma leƙa cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Sunan kakanka da wuya ya fito, amma za ka fahimci yadda kamun kifi yake a wancan lokaci.

Jikan Basarke:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na kankare, ja ne, kuma babu wurin inji. Sai dai akwai tsaga mai tsawon kamu biyu a gefen dama. In cike ta, ko in bar ta yadda take?

Tsohon Masassaƙi:
Bar ta tukuna. Kada ka sa kwalta ko fenti sai tsofaffin sun gan shi da idonsu, don fenti zai rufe sawun gizagon da za su duba.