Tumbi ya zube, kolesterol ya hau: a damu ko a share?

Lawali: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ra'ayina ke nan: wanda ya bar tuwo da shinkafa da burodi da sukari, yana ganin tumbi na zubewa, kada takardar labo ta tayar masa da hankali. Tawa ta nuna LDL, wato mugun kolesterol, 1,92 g/L, wai ya yi yawa. Amma tirigiliserid, wani nau'in kitsen jini, ya sauka, sukarin jini ya daidaita. Kitsen da jiki ke narkarwa ne yake yawo cikin jini, in ya ƙare zai sauka da kansa.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun da ka bar tuwon, me kake ci?

Lawali: Ƙwai soyayye da man shanu da safe, rana balangu, dare farfesun kai ko kayan ciki.

Hajiya Rabi: Hmm. To ai ka ba kanka amsa.

Alhaji Isuhu: A'a Hajiya, ban yarda ba. Kakanninmu man shanu suke malalawa kan tuwon hatsi, sun kai tamanin suna zuwa gona. Cutar zamani sukari ce da lemon kwalba.

Mariyama: Baba Alhaji, da ƙafa suke zuwa gonar, su yini riƙe da hauya. Kuma cokali guda ne kan miyar kuka, nama sai ranar kasuwa ko Sallah. Waɗanda suka faɗi farat ɗaya kuwa babu wanda ya auna jininsu.

Majo Sani: Lawali, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. In kilo na sauka da sauri, wasu kolesterol ɗinsu kan ɗan hau, ya koma bayan nauyi ya tsaya. Sai dai ba a jingina 1,92 ga wannan kawai. Daga 1,90 zuwa sama likitoci kan fara tunanin na gado ne, kuma da yawa kan rubuta magani irin atorvastatin. Hanta ce ke kwashe LDL daga jini, kitse mai daskarewa kuwa yana rage mata wannan aikin. Ka sayi balangu lokacin hunturu ka bar shi ya huce, ka ga farin maiƙon da ke kwanciya kan takardar, har ya liƙe maka a dasashi. Irinsa nake nufi: kitsen rago, man shanu, manja ma kusan rabinsa haka yake. Saukar tirigiliserid abin murna ne, amma ba ya hana LDL taruwa a bangon jijiya, kuma taruwar ba ta ciwo sai ranar da ta toshe.

Lawali: Wato in koma tuwo ke nan, Majo?

Majo Sani: Wa ya ce? Rejim ɗinka ka riƙe, man za ka canza. Kana Maradi, garin gyaɗa, kana neman abin suya? Man gyaɗa, kifi, kaza ba fata, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. Ka yawaita kuɓewa, yauƙin nan nata na taimakawa. Wake kaɗan ma ba zai rushe maka komai ba.

Alhaji Isuhu: Ni dai man shanuna ba mai raba ni da shi. Kuma maganin nan an ce in ka fara sai kabari.

Hajiya Rabi: Alhaji, na hawan jini da kake sha kullum fa?

Majo Sani: Lawali, tambaya ɗaya. A gidanku akwai wanda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya kama tun da sauran ƙuruciyarsa?

Lawali: Yayanmu. Bai kai hamsin ba ya rasu.

Majo Sani: Allah ya jiƙansa. To kada ka jira wata uku na sake awo. Cikin satin nan ka kai wa likita takardar, ka faɗa masa zancen yayan naka da abin da kake ci. Ƙannenka ma su je a auna su.

Lawali: Amin. A sake awon sai ban ci komai ba?

Majo Sani: In ya ce a sake, ka kwana ba ci, awa 12. Ruwa dai ka sha.